Lasifika Bakwai a Silin, Uwargida Ta Ƙi, Magini Kuma Yana Jira

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Rijiyar Zaki, ina gyaran gidan da muke ciki, kuma yanzu aiki ya iso falo: an fasa tsohon daɓe, an sauke tsohon silin, magini zai fara filasta mako mai zuwa, mai POP kuma yana biye da shi. Falon ƙafa 14 ne a 18. Na daɗe ina burin sauti mai kewaye irin na sinima domin kallon ƙwallo da fina-finai. Ƙanin wani abokina, wanda sana'arsa ke nan, ya ba ni shawarar in binne lasifika bakwai duka a cikin silin, tare da wata na'ura da ya ce wat 5000 ce. Uwargida ta ce ba ta yarda ba: ba ta son ganin waya ko akwatuna a falonta, tana ganin kuɗin kicin ne zai tafi, kuma ɗakin Hajiya mahaifiyata yana jikin falon. Mun kwana biyu ba ma jituwa a kan maganar, shi kuma yaron ina jin nauyin in ce masa na fasa. Yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa a gama aikin lafiya, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Abin da ya sa maganar ta yi maka nauyi shi ne ka ɗaure abubuwa da yawa a igiya ɗaya, kana ganin dole ne ka yanke hukunci a kansu duka kafin mako mai zuwa, alhali abu guda ne kawai daga cikinsu yake da wa'adi. Lasifika, da amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, da yawan kuɗin da za a kashe, duk za su iya jira har a gama kicin, har ma a shekara. Abin da ba zai jira ba shi ne fayif ɗin da waya za ta bi a cikin bango, domin da zarar an yi filasta, an shimfiɗa tayil, an shafa fenti, duk wayar da ba a tanadar mata hanya ba sai dai ta bi saman bango kowa yana ganinta, ko kuma a dawo da guduma da kurfi a fasa sabon aiki. Saboda haka abin da ke gabanka a wannan mako shi ne sanin inda kowace lasifika za ta zauna, ba sayen ta ba.

Shawarar binne komai a silin ba ta da kyau, kuma ba wai ra'ayina ba ne kawai. A tsarin da ake kira 5.1, wanda shi ne aka fi haɗa sautin fina-finai a kansa tun shekarun 1990, akwai lasifika uku a gaba, biyu a gefe, sai wufa guda wadda ke ɗaukar sauti mai kauri, irin na tsawa da dirin mota. Ta tsakiya a cikin ukun gaba ita ce ke ɗaukar kusan dukan maganar 'yan wasa da muryar mai sharhin ƙwallo, kuma masu haɗa sautin sun yi aikinsu ne da nufin muryar ta fito daga inda bakin mai magana yake, wato daga allon talabijin. Idan ka mayar da ita silin, idonka zai riƙa ganin mutum a gabanka, kunnenka kuma yana jin muryarsa daga saman kanka, kuma sauti mai kaifi, wanda shi ke sa a bambance haruffan magana, zai riƙa dukan tayil maimakon ya nufo kujera. Lasifikar silin tana da wurinta. Tsarin Dolby Atmos, wanda ya fara a sinimomi a 2012 kafin ya shigo gidaje, yana amfani da biyu ko huɗu a sama domin ruwan sama da jirgi mai wucewa, amma ƙari ne a kan na ƙasa, kuma yana aiki ne saboda akwai tazara tsakanin abin da ke fitowa daga matakin kunne da abin da ke fitowa daga sama. Idan duka suna sama, wannan tazara ta tafi.

To, ta ina za ka fara? Ka ɗauki kujerar roba, da tef ɗin awo, da guntun gawayi, ka shiga falon nan da yamma bayan ma'aikata sun tashi, kuma kada ka shiga kai kaɗai, ka shiga da uwargida. Ku fara zana inda kujeru za su zauna a ƙasa, domin duk awon da zai biyo baya daga kunnen mai zama ake yin sa. A nan ne falonmu na Kano yake da tasa matsalar. Mun saba jera kujeru a jikin bango, mai zaman mutum uku a ƙarshen ɗaki, sauran a gefe da gefe, a bar tsakiya fili domin yara, da cin abinci a kan kafet, da ranar taron suna ko biki. Tsari ne mai ma'ana ga gidan da ake yawan shiga, amma idan talabijin tana bango mai ƙafa 14, babbar kujera kuma tana manne da bangon da ke fuskantarta, kana kallo ne daga nisan kusan ƙafa 16, wanda ya yi yawa ko da talabijin mai inci 65 ce, sannan kanka yana daidai inda sauti mai kauri yake taruwa ya zama gunji. Idan uwargida ta amince, ku jawo babbar kujerar gaba har kunne ya zama kamar ƙafa 12 daga bangon talabijin, bayanta ya zama hanyar wucewa, ranar taro kuma a tura ta baya. Idan hakan ya ci mata fili, ko ƙafa biyu aka raba kujerar da bango an rage matsalar. Abin da za ku guje wa shi ne tsakiyar ɗakin daidai, wajen ƙafa 9, domin a can sauti mai kauri yakan yi rauni, sai ka yi ta ƙara wa wufa murya ba ka jin ta, na ɗakin kusa kuwa suna jin ta sarai.

Da kun tsayar da wurin zama, sauran awon mai sauƙi ne. Ƙa'idar da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta shimfiɗa ta ce ta hagu da ta dama su kasance a kusurwar digiri 30 daga tsakiya, kamfanin Dolby kuma ya ba da dama daga 22 zuwa 30. Ba sai ka nemi ma'aunin kusurwa ba. Digiri 30 yana nufin tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kunnenka, a falonka kuwa, idan ka raba su da kamar ƙafa 10, talabijin a tsakiya, ka shiga cikin damar da Dolby ya bayar kuma ka bar wa kowace ƙafa biyu daga bangon gefe. Tsayinsu ya zama daidai kunnen mutumin da ke zaune, wato ƙafa uku da rabi zuwa huɗu, kuma ka tuna cewa daga saman tayil ake awo, ba daga daɓen da aka fasa ba, don haka ka tambayi mai tayil inci nawa ƙasan za ta ƙara tashi. Ta tsakiya ta zauna dab da ƙarƙashin talabijin, fuskarta a bakin kanta ba a can cikin lungu ba. Wannan yana nufin ita kanta talabijin kada a rataye ta can sama kusa da silin kamar yadda ake yi a wuraren kallon ƙwallo, inda ake gudun kan mutane ya tare wa na baya. A gida tsakiyar allon ya kamata ya kasance kusa da matakin ido.

Biyun gefe kuma ana sa su ne a bangon hagu da na dama, ɗan baya kaɗan da kafaɗar mai zama, abin da ƙa'idar ta kira digiri 100 zuwa 120, a tsayin ƙafa biyar da rabi zuwa shida daga ƙasa. Ɗaga su da aka yi yana hana wanda ya zauna a ƙarshen kujera jin lasifika guda tana yi masa ihu a kunne, yana kuma nisanta su daga hannun yara. Game da bakwai ɗin da aka ce maka, ƙarin biyun bayan kujera ake sa su, kuma suna bukatar fili na sosai a bayan. Idan kujerar za ta koma jikin bango ko kusa da shi, kuɗin banza ne. Biyar masu kyau da aka ajiye a wurinsu sun ishi falo mai wannan girma.

Yanzu ga aikin mai wayarin, wanda shi ne na gaggawa. Ka zaɓi wuri guda inda amfilifaya za ta zauna, galibi a kantar da ke ƙarƙashin talabijin, ka sa a kafa babban akwati a bango a wurin, kuma daga shi kowane fayif ya tashi zuwa inda kuka yi alama da gawayi, ya ƙare a ƙaramin akwati mai murfi irin na soket. Fayif mai milimita 20 ko 25, wanda za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ya isa wayar lasifika, amma wanda zai haɗa kantar da bayan talabijin ya zama mai faɗi, milimita 32 ko fiye, domin kan wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti, yana da girma kuma wata rana za ka so canza ta. Kada a yi wa fayif lanƙwasa mai kaifi, kuma a bar igiya mai ƙarfi a cikin kowanne domin jan waya daga baya. Kada wayar sauti ta shiga fayif ɗaya da wayar wuta. A raba su da kamar ƙafa guda, inda kuma dole su haɗu, ɗaya ta gitta ɗaya ta wuce, kada su jera. Ka ja fayif zuwa wuraren da ba ka da niyyar amfani da su yanzu, har da biyu a silin ɗan gaban kujera, nesa da inda fanka za ta rataya, idan wata rana ka so Atmos. A cikin silin ma waya ta bi fayif har ƙarshe, domin tsakanin POP da kwano wuri ne na zafi da ƙura da ɓera. Kada kuma a bar kowa ya sassaƙe ginshiƙi ko linta domin ya sami hanya. Kafin magini ya watsa siminti, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, tef ɗin awo yana miƙe a cikin hoton, ka adana. Ranar da kafinta zai huda bango domin rataye labule za ka nemi hoton nan.

Wayar kanta a kula da ita. Wadda ake kira milimita 1.5 a kasuwa ta isa ukun gaba, ta gefe kuma da za ta yi tafiya mai nisa a sa 2.5. Akwai wadda ake sayarwa a matsayin tagulla alhali alminiyom ce aka shafa wa tagulla a sama, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri. Ka feɗe bakinta a shagon, ka kankare zare guda daga cikinta da reza: idan ciki ya fito fari, ka ajiye musu.

Batun wat 5000 kuwa, ka roƙi yaron ya juyo maka bayan na'urar. Kusa da inda wayar wuta take shiga akwai rubutun da ke nuna yawan wutar da take ja daga soket. Na'urar da ke jan wat 150 ba ta da inda za ta samo 5000 ta ba lasifika. Manyan lambobin nan da ake bugawa a kwali, waɗanda galibi ake biyo su da haruffan PMPO, ba su da wani ma'auni tsayayye, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ake dubawa ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, ga kowace lasifika, kuma amfilifaya mai ba da wat 70 zuwa 100 na gaske a kowace hanya ta fi ƙarfin falonka. Ko da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne yake ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sai an ninka wutar kusan sau goma. Ka duba kuma om ɗin lasifika, wato ma'aunin yadda take turje wa wuta, 6 ko 8, ya dace da abin da aka rubuta a bayan amfilifayar.

Maganar Hajiya ita ce mafi nauyi a cikin abin da uwargida ta kawo, kuma ta yi gaskiya. Bulo da filasta suna tare murya da sauti mai kaifi daidai gwargwado, amma sautin wufa yana bin bango da daɓe ya shiga ɗakin kusa a matsayin girgiza, irin wadda ke hana dattijo barci ko da bai san daga ina take zuwa ba. Idan bangon da kuka haɗa da ɗakinta shi ne wanda ka yi niyyar sa talabijin, ka sake tunani tun yanzu. Kada a kafa komai mai sauti a jikinsa, kada kuma mai wayarin ya yi akwatin soket na falo da na ɗakinta baya da baya, domin a daidai nan bangon ya zama ɓawo. Wufa tana da sauƙin ajiya, tunda sautin da ke ƙasa da has 80 a ma'aunin kauri da kaifin sauti, inda aka saba raba aiki tsakaninta da sauran, kunne ba ya saurin gane daga ina yake fitowa, saboda haka ka tanadi soket da fayif a wuri biyu ko uku nesa da bangon Hajiya. Idan wufar ta zo, ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka kunna sauti mai kauri, ka bi wuraren nan a durƙushe kana saurare. Inda ka ji sautin ya fito sumul ba gunji, nan ne mazauninta, kuma a sa mata roba mai kauri a ƙasa. Kiret ɗin ƙwai da soso da wasu ke mannawa a bango ba sa hana sauti fita. Abin da ke ragewa shi ne nauyi, da tazarar iska, da toshe kafofi, musamman ƙasan ƙofa. Mafi yawan amfilifayoyi suna da tsarin dare, wanda ke danne ƙarar fashewa ya ɗaga magana, kuma wasannin Turai na tsakiyar mako da ake bugawa bayan isha'i ba sa bukatar wufa ko kaɗan. Wannan kulawar ta haɗa da maƙwabta da masallacin layinku.

Akwai kuma wani wurin da bukatarka da tata suka haɗu. Falo mai tayil a ƙasa, filasta a gefe, POP a sama, da tagar gilashi, yana mayar da sauti ta ko'ina, har magana ta riƙa hawa kan magana. Ka tsaya a tsakiyarsa idan an gama ka tafa sau ɗaya, za ka ji yadda amon yake jan jela. Maganinsa shi ne babban kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule mai nauyi mai ninki har ƙasa, da kujerun yadi maimakon na leda. Kuɗin da uwargida za ta kashe a Kantin Kwari wajen labule zai gyara maka sauti fiye da ƙarin lasifika biyun da aka so sayar maka. Game da akwatunan da ba ta son gani, akwai sirara masu hawa bango da launin fari ko baƙi, kuma kafinta zai iya yin kanta mai ƙofar yadi marar kauri wadda sauti ke ratsawa. Masu shiga cikin bango ɗungurungum an fi yin su domin gidajen Amurka masu bangon katako da allo, a bulo sai an haƙa musu gurbi, don haka ban ba ka shawararsu ba sai idan za ku yi wa bangon talabijin rufin allo na ado.

Kuɗin kicin kada a taɓa shi. Bayan an gama, ka fara da amfilifaya da biyun gaba, sai ta tsakiya, sai wufa, na gefe su zo a ƙarshe, tare da kula cewa ukun gaba su zama na kamfani ɗaya kuma jeri ɗaya domin muryarsu ta yi kama. Ba za ka yi asarar komai da wannan jinkiri ba, domin mafi yawan abin da ake kallo a gidajenmu, labarai, da wa'azi, da fina-finan Hausa na YouTube, sautinsu na hanya biyu ne, kuma 5.1 na gaske sai a wasu tashoshin dish da manhajoji irin su Netflix. Ka tabbatar talabijin da amfilifayar suna da ramin HDMI mai alamar ARC ko eARC, wanda ke mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya. Idan ta hannu za ka saya, ka karanta bayanta da kyau, domin wadda aka yi wa kasuwar Amurka wutar bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, kuma jona ta kai tsaye ƙonewa ne nan take. Ka ba kayan soket nasu mai wayar ƙasa ta gaske, da sitabilaiza, idan kuma kana da inbata ka tabbatar mai tsabtatacciyar wuta ce, in ba haka ba za ka riƙa jin zuu a lasifika. Amfilifaya tana fitar da zafi ta sama, saboda haka kantar ta zama buɗe a baya da fili a samanta, musamman don zafin watan Afrilu, lokacin hunturu kuma a rufe ta da kyalle idan an kashe. Na Yamaha, da Denon, da sauran manyan kamfanoni suna zuwa da ƙaramin makirufo da ake ajiyewa a wurin zama domin na'urar ta auna nisan kowace lasifika ta daidaita su. Ka yi awon ne bayan an shimfiɗa kafet an rataye labule, a lokacin da fanka da janareto suke kashe.

Shi kuma ƙanin abokinka, ba sai ka ce masa ka fasa ba, domin ba ka fasa ba. Ka kira shi falon bayan kun gama zanen gawayi kai da uwargida, ka nuna masa alamomin, ka ce wannan ne tsarin da iyali suka tsaya a kai, ka ba shi aikin tsayawa a kan mai wayarin har a rufe fayif, ka biya shi ladan wannan aikin a ranar. Ka gaya masa cewa idan lokacin sayen kaya ya yi shi za ka fara nema, da sharaɗin ya kawo su gida a jona, a saurara a cikin falon, Hajiya tana ɗakinta an rufe ƙofa, a aika yaro ya tambaye ta ko tana jin wani abu, sannan a yi ciniki.